NEMAN MAGANI BA YA KORE TAWAKKALI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai kan ilimin magani, har da guda a kan cutar basir. Wannan ya isa shaida cewa magabatan Sakkwato ba su ɗauki neman magani a matsayin raunin imani ba, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni da shi.

Sai dai ba kowane jini a bayan gida ne basir ba. Akwai sankarar ƙarshen hanji, wadda takan fara da irin wannan alama, mutum ya yi ta shan saiwoyi, kunya ta hana shi zuwa asibiti, har cutar ta yi ƙarfi. Alhali shari'a ta halatta wa likita duban al'aura saboda larura.

Idan cutar ta yi nisa, likitoci sukan jinkirta tiyata. Sukan fara gasa ƙarin da hasken na'ura, kwana biyar a mako har kimanin mako biyar ko shida, tare da magungunan kashe ƙwayoyin cutar, sannan a dakata makonni ƙarin ya motse kafin a yanke shi. Binciken da aka buga daga Jamus a 2004 ya nuna cutar ta komo gurbinta cikin shekara biyar ga kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa haka, amma kashi 13 ga waɗanda aka fara yi wa tiyata. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen wannan aiki.

To, a nan ake jarraba haƙuri. Wani da ya ga jini ya tsaya sai ya daina zuwa, ya ce ya bar wa Allah. Wannan sakaci ne da amanar jiki. Mai tawakkali shi ne wanda ya cika sababi, sannan ya dogara ga Ubangiji.

Majinyaci yana da rangwamen shan azumi ya rama. Wanda aka sanya wa jakar bayan gida a ciki kuma, malamai sun ba shi hukuncin mai salas, sallarsa ta inganta. Wajibi ne dangi da mawadata su taimaka da kuɗin magani.

Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, amin. Allah ne Masani.