Annobar Ɓera da Iyakar Ramuwa

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan wata halitta ta cuci ɗan Adam, ina iyakar abin da ya halatta ya yi mata?

A shekarar 2021 annobar ɓera ta auka wa ƙauyukan Jihar New South Wales ta ƙasar Ostiraliya. Bayan fari na shekara uku, Allah ya saukar da ruwa a 2020, hatsi ya yi albarka, ɓeraye suka sami abinci. Macen ɓera kuwa takan haihu kusan kowane mako uku. Kafin a farga sun cika rumbuna da ɗakunan kwana, suna cizon mutane bisa gadajensu, har da majinyata a asibiti. Suka ciccije wayoyin lantarki na kurkukun garin Wellington, sai da aka kwashe fursunoni. Ko bayan da abin ya lafa, warin mushe da fitsari bai bar gidaje ba.

Wanda ya sha wannan azaba, in ya fusata, wa zai ga laifinsa? Shari'a ma ba ta ce ya naɗe hannu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa ɓera yana cikin halittu biyar da aka yarda a kashe ko da a cikin Harami.

To amma wannan izini na kawar da cuta ne, ba na huce haushi ba. Ɓera ba mukallafi ba ne, yunwa ce ta kawo shi. Shi ya sa aka hana azabtarwa da wuta, aka umarce mu da kyautata kisa, malaman fiƙihu kuma suka ce ba a gusar da cuta da cuta irinta.

Dubi abin da ya faru can. Gwamnatin jihar ta nemi izinin baza wata guba mai ƙarfi a gonaki, hukumar da ke kula da magungunan noma ta ƙi, don gudun kada mujiya da gaggafa su ci mushe su mutu. Manomin da rumbunsa ke ƙarewa zai ga an ƙware shi, kuma kukansa abin saurara ne. Sai dai wanda ya kashe mujiya ya kashe mai gadin gonarsa na baɗi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce mu da rufe ƙwarya da kashe fitila kafin barci. Da aka tambaye shi ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, sai ya yi umarni a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi, a ci saura. Wannan shi ne ma'auni: a cire ɓarna gwargwadonta, kada fushi ya sa a zubar da albarkar da ta rage.

Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba mu haƙuri da adalci, amin.