Saƙon "A Yaɗa Don Allah": Lada Ne Ko Alhaki?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya gare ka. Da dare murya ta shigo wayarka ta WhatsApp, wani da ba ka sani ba yana cewa an ga baƙin fuska a kan babura sun nufo ƙauyenku, a yaɗa don Allah. Shin turawa lada ne ko alhaki?

Kada ka yi gaggawar cewa ƙarya ce. A ƙarshen shekarar 2025 'yan bindiga sun tsallako daga wajen Katsina, sun shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, sun kwashi mutane da dabbobi. Wanda ya gani da idonsa ya yi shiru, lalle ya ci amanar maƙwabcinsa. Wannan babu ja.

Amma fa mai gani daban, mai turawa daban. Kai da ka latsa waya ba ka ga ko babur ɗaya ba, ba ka san ranar da aka ɗauki muryar ba, balle garin. To wa zai ɗanɗana kuɗar tsoron da ka baza? Baƙo. Bafillatanin da ya koro shanu zuwa kasuwar Dambatta, da ɗan ci-ranin da dare ya yi masa a hanya.

Kuma naka ma baƙo ne a wani wuri. A watan Maris na 2025, a garin Uromi ta jihar Edo, an tare mafarautan da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Salla. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne. Mutum 16 aka kashe, yawancinsu 'yan Torankawa ta Bunkure, nan jiharmu. Taron da ya rufar musu bai nemi shaida ba, kalma ɗaya ya ji daga bakin wani. Mun ce zalunci ne, kuma zalunci ne. To irin kalmar nan ce ake roƙonka ka tura a kan ɗan wasu.

Ka sani, aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu baza labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, ta nuna a mayar da shi ga ma'abota al'amari masu iya tantancewa. A wurinmu ga mai unguwa, ga dagaci, ga hakimi, ga ofishin 'yan sanda. Nan ƙasar da gona ke jingine da gona, kowa ya san kowa, kafin ka gama alwala mai unguwa ya kira takwaransa na ƙauyen da aka ambata, ya ji ko an ga baburan.