Haƙurin Wanda Aka Zalunta da Shirun Wanda Ya Gani

Duk ma'aikacin da aka hana wa matsayi, ko aka tauye masa albashi, ko aka sallame shi saboda asalinsa, kalmar farko da yakan ji daga bakin jama'a ita ce: «Ka yi haƙuri.» Kalma ce mai daraja, domin kuwa kakanninmu sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Sai dai akwai tambayar da ta cancanci mai hankali ya tsaya a kanta: shin haƙurin nan na wane ne? Wanda aka cuta yana da ikon ya yafe, tunda haƙƙin nasa ne. To, abokin aikin da ya ga abin da idonsa fa, yana da ikon ya yi haƙuri a madadin wani, da ciwon da ba a jikinsa yake ba?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san abin da doka ta tanada, don da yawa daga cikinmu suna zaton babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Alhali kuwa ƙofofin sun daɗe da ginuwa. Tun ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, kuma a 1952 aka kafa musu kundin dokokin ƙwadago. Bayan samun ƴancin kai, a 1962, Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta wariya a wurin aiki. Kundin ƙwadago na ranar 25 ga Satumba 2012 kuma, a ayarsa ta 5, ya jera abubuwan da bai halatta mai ba da aiki ya duba ba in zai ɗauki mutum, ko ya biya shi, ko ya ƙara masa girma, ko ya sallame shi. Daga cikinsu akwai jinsi, shekaru, asali, launin fata, addini, ra'ayin siyasa, naƙasa, cutar sida, amosanin jini wato sikila, da kasancewa ɗan sandika.

Hanyar neman haƙƙi ma a shimfiɗe take. A ma'aikatar da ke da mutum fiye da 10, ma'aikata suna zaɓen wakilansu, waɗanda ke kai kuka gaban shugabanni, kuma ba a korar wakili sai da izinin sufeton ƙwadago. In magana ta gagara a cikin gida, sai a tafi wurin sufeton, ya kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. In sulhu ya ƙi, sai a wuce kotun ƙwadago, inda alƙali ke zama tare da mataimaka daga ɓangaren ma'aikata da na masu ba da aiki, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Akwai manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN, akwai kuma hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 domin taimakon marasa hali a gaban shari'a. Ma'aikacin gwamnati na dindindin yana da tasa doka daban, shi ma da hanyarsa ta ɗaukaka kuka.

Ga mutumin Gure, ofishin sufeto na jiha yana Damagaram, tafiyar kilomita kimanin 160. Ga mai ɗan ƙaramin albashi, kuɗin mota da na kwana ba abin rainawa ba ne. Amma nisan hanya shi ne ƙaramar matsala. Babbar ita ce abin da za a tambaye shi in ya isa: ina hujja? Wariya ba ta cika rubuta sunanta a takarda ba. Ba a ce wa mace an sallame ta don ta yi ciki, tunda doka ta ba ta hutun haihuwa na mako 14. Cewa ake yi aiki ya ragu. Ba a ce wa mai sikila an ƙi shi saboda cutarsa. Cewa ake yi an riga an cika gurbi. Yawancin masu aiki a garuruwanmu, yaran shago, masu gadi, ƴan aikin gida, leburorin gini da masu ɗibar kanwa a kwaruruwan Muniyo, ba su da takardar kwantaragi ko ta albashi. Doka ta yarda cewa wanda ke yi wa wani aiki a ƙarƙashin umarninsa don a biya shi ma'aikaci ne, ko da baki aka ƙulla maganar. Amma wa zai tabbatar da hakan, in ba wanda ya gani ba? Ashe ƙofofin duka mabuɗinsu ɗaya ne, shi ne shaida.

A nan ne halinmu ke fitowa fili. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a arewacin Damagaram a Nuwamba 2011, ta sha fama da koken ma'aikata ƴan ƙasa a kan tazarar da ke tsakanin albashinsu da na takwarorinsu ƴan Sin. A Maris 2025 hukumomin Yamai suka umarci manyan jami'ai uku ƴan Sin na kamfanonin mai su bar ƙasar, kuma tazarar albashi na cikin dalilan da aka bayar. A kan wannan batu ba a rasa masu magana ba: a fada, a tasha, a rediyo, kowa shaida ne. Dalili kuwa a bayyane yake. Wanda ake zargi baƙo ne, ba surukin kowa ba ne, ba za mu haɗu da shi a wurin suna ko jana'iza ba.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ayar da ta hana fifita baƙo a kan ɗan ƙasa ita ce dai ta hana a duba asalin mutum. Sau nawa ake raɗa cewa wane jinin bayi ne, ko ɗan maƙera ne, bai kamata ya shugabanci ƴaƴan manya ba? A gari kamar Gure, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya, sau nawa ake ɗaukar yaro aiki don yarensa, a mayar da wanda ya fi shi ƙwarewa? A irin wannan, bakunan da suka yi kaifi a kan ƴan Sin sai su mutu, a koma cewa mutum ya yi haƙuri, rabonsa ne bai tsaga ba.

Labarin Hadijatou Mani ya isa darasi. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a yankin Birnin Ƙonni, ta yi shekaru tana bauta a idon jama'a, duk da cewa dokar 2003 ta mayar da bautarwa babban laifi. Sai da ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, har kotun CEDEAO ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasa ta kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Mutane nawa ne suka san halin da take ciki a tsawon waɗannan shekaru? Ba rashin sani ne ya tsawaita wahalarta ba, rashin mai faɗa ne. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, nauyin irin wannan shari'a ya ƙara dawowa kan kotunanmu na gida, da kuma kan harsunanmu.

Mai karatu yana iya cewa: faɗa da baki sauƙi gare shi, amma shaidan nan shi ma yana da iyali, in ya yi magana gobe shi za a kora. Wannan gaskiya ce, kuma bai dace a yi wa mai tsoron yunwar ƴaƴansa dariya ba. Ba a ɗora wa kowa ya jefa kansa wuta shi kaɗai. Saboda haka ne ma aka ƙirƙiro sandika da wakilan ma'aikata: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma korar mutum guda ta fi korar mutum ashirin sauƙi. Bayan haka, shaida hawa-hawa ce. Akwai wanda zai iya tsayawa gaban alƙali. Akwai wanda iyakarsa ya taya abokinsa rubuta ranaku da abin da aka faɗa, ya tuna masa ya adana takardun albashi da saƙonnin waya. Akwai malamin da zai fassara masa ayar doka daga Faransanci zuwa Hausa ko Barbarci, akwai mai raka shi Damagaram. Abin da ba shi da uzuri shi ne mutum ya gani, sannan ya ce bai gani ba. Addininmu ma ya yi hani mai tsanani ga ɓoye shaida, bai kuma ware dangi ko masu dukiya ba.

To, mu koma ga tambayarmu. Haƙuri dukiya ce ta wanda aka cuta. In ya so ya bayar, in ya so ya nemi haƙƙinsa, kuma neman haƙƙi ba butulci ba ne ga wanda ya ba shi aiki, tunda albashi ladan gumi ne. Yafewa ma ba ta da ma'ana sai ga wanda ya san yana da hanyar karɓa, ya bari don kansa. Wanda aka rufe wa hanya aka ce ya yi haƙuri, tilas aka yi masa aka sauya mata suna. Shi kuwa wanda ya gani, ba a ba shi haƙurin wani ajiya ba balle ya yi kyauta da shi. Abin da ke hannunsa gaskiya ce, ita kuma amana ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa. Amma mutumci ya fi son ka fara zuba wa nasa.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan namu ne.