Kisan Wasa, Kisa Ne?

A 'yan shekarun nan hirar matasa ta sake salo. In da can labarin ƙwallo ne ko na fim, yanzu sai ka ji yaro ɗan shekara 15 yana gaya wa abokinsa, ko a jikinsa, cewa jiya da dare ya kashe mutum 9 kafin a kashe shi. Wasan waya yake nufi. Mu da muke wuni tare da su a aji mun sha jin irin wannan, har ta kai mun karɓi wayar mun taɓa da hannunmu, don kada mu yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba.

Biyu daga cikin waɗanda suka fi yawo a hannunsu su ne Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, da PUBG Mobile na 2018. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Jirgin sama zai ɗebi 'yan wasa, 50 a na farko, 100 a na biyu, ya ratsa da su ta kan wani tsibiri, kowa ya diro da lema hannu rabbana. Sai ka shiga gidaje kana tsintar bindiga da magani, fili kuma yana ta ƙanƙancewa yana tura ku wuri guda, har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Ba za mu ɓoye ba, akwai daɗi. Lokacin da aka rage ku uku kana kwance cikin ciyawa, zuciya na bugawa da gaske, alhali kuwa kana zaune bisa tabarma ne. Wannan bugun zuciyar ya sa muke tambaya: abin da mutum ya aikata cikin wasa, aiki ne da za a auna shi da shi, ko kuwa iska ce?

Bahaushe bai jira zuwan kwamfuta ba kafin ya amsa rabin tambayar. A fagen dambe, in ɗan wasa ya kai abokin karawarsa ƙasa, cewa ake yi ya kashe shi. Makaɗa su wasa shi, 'yan kallo su yi masa kari, wanda aka kashe kuwa ya tashi ya kaɗe jiki, watakila ma su ci tuwo a akushi ɗaya daren nan. Ba wanda ya taɓa kai ɗan dambe gaban alƙali don wannan kisan. Dalili shi ne su biyun sun shiga fage da yardarsu, sun san doka, kuma akwai lokacin da za a raba. Yarda da doka da iyaka su ke mai da naushi wasa. In muka auna Free Fire da wannan ma'auni, to ya tsira, domin kowane ɗaya daga cikin 50 ɗin nan da ƙafarsa ya hau jirgi, kuma wanda aka harbe zai sake hawa wani bayan minti ɗaya.

Inda magana ta yi tsauri shi ne irin su Grand Theft Auto, wanda na biyar ɗinsa ya fito a 2013 kuma har yanzu ana buga shi a shagunan gem. Nan an ba ka gari guda da motoci da masu tafiya a ƙasa, in ka ga dama ka hau gefen titi ka bi ta kansu. Ba abokan karawa ba ne, ba su ɗaura zare sun shigo fage ba. Mai kare wasan zai ce ai ba mutane ba ne, zane ne, ba uwar da za ta yi kuka. Gaskiyarsa. Sai dai in babu wanda aka zalunta, saura mutum ɗaya a wurin, wato mai riƙe da madannin, da kuma dariyar da ya yi.

Wannan gardama tsohuwa ce. Aflatun ya ji tsoron kwaikwayo, yana ganin wanda ya saba kwaikwayon mugu zai wayi gari da halinsa. Ɗalibinsa Aristotil ya ga akasin haka a wasan ban tausayi, cewa kallonsa yana wanke zuciya daga tsoro da jimami, ko da yake shi ɗin ne kuma ya koyar cewa hali ana samunsa ne ta maimaita aiki. A Amurka an yi ta da zafi bayan fitowar Mortal Kombat a 1992, har majalisar dattawa ta zauna a kai a 1993, aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa a 1994. Bayan shekaru ana bincike, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da za a ɗora wa waɗannan wasanni alhakin ta'asar da mutane ke yi a zahiri. Saboda haka mai cewa gem ne ke haifar da 'yan daba yana da sauran aiki a gabansa. Daba ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Amma rashin zama mai kisa ba shi ne iyakar abin da muke nema ga yaro ba. Mutum na iya ƙare rayuwarsa bai mari kowa ba, amma ya saba wa kansa jin daɗin ganin an taka mai rauni. Wannan ba laifin kotu ba ne, kuma ba za mu yarda a ce ba kome ba ne.

Abin da ya fi ba mu mamaki, da muka saurari faɗan ɗalibai a kan wasan, ba mu taɓa jin sun yi rigima don an kashe wani ba. Rigimarsu a kan amana take. A wasan ƙungiya, in an harbe ka ba ka mutuwa nan take, rarrafe za ka yi ta yi, abokinka na da 'yan daƙiƙu ya zo ya tashe ka, shi ma yana sa kansa a bakin bindiga. Wani ya zo, wani ya tsaya kwasar ganima ya bar ka. Washegari a aji ba sa magana. Haka suke tsanar mai shigo da manhajar maguɗi da ke nuna masa mutane ta bayan bango. Yaran nan, ba tare da sun karanta Aflatun ba, sun bambance abu biyu: harsashin ƙarya ne, amma wanda aka yasar mutum ne, yana can a ɗakin uwarsa yana jin haushi na gaske. A ganinmu nan ne ainihin wurin da ake auna hali cikin wasa, kuma mu manya mun fi mai da ido kan jinin da ke fuskar waya, mun bar wannan.

Akwai kuma wani ɗan wasa da ba a gani, wato kamfani. Mai dara yakan tashi in an kira magariba, domin dara ba ta da ribar zamansa. Waɗannan kuwa kyauta ake sauke su, kuɗin yana fitowa ne daga sayar da riguna da adon bindiga, wasu cikin akwatin sa'a da ba ka sanin abin da ke ciki sai ka biya. Beljiyam ta ɗauki irin wannan akwati a matsayin caca tun 2018. An kuma gina wasan yadda in ba ka leƙo yau ba za ka rasa kyautar yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022, da sharaɗin ta danne sauran rayuwar mutum, galibi tsawon wata 12. Sin kuwa a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a daren Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Ba mu ce a kwaikwayi Sin ba, don wanda aka hana da ƙarfi ba a san halinsa ba tukuna. Amma mu koma ga ma'aunin dambe, yarda da doka da iyaka. Tsakanin yaro da yaro duk ukun suna nan. Tsakanin yaro da kamfani fa? Ɗan shekara 13 bai san da wa yake karawa ba, dokar ana sauya ta a wani ofis da bai taɓa jin sunansa ba, kuma ba mai shiga tsakani ya raba. Ɗalibin da ke gyangyaɗi a darasin farko na safe, wanda kuɗin tararsa ya tafi wajen sayen data da lu'ulu'un gem, shi ne aka kai ƙasa a wannan turmin, kuma shi kaɗai ne a duk labarin da bai tashi ya kaɗe jiki ba.