Layi Biyar Kafin Barci: Littafin Lissafin Muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani, da Shehu Ibrahim Inyass, da dukkan waliyyan Allah.

Bayan haka, ya 'yan'uwana ahbabu, ni ɗalibi ne ƙarami, ban kai matsayin yi wa kowa wa'azi ba. Abin da zan faɗa tunatarwa ce ga kaina, da kuma 'yan'uwana matasa da karatu ko neman abinci ya raba su da zawiya.

A hutun bara na taso daga Yamai, inda nake karatun jami'a, na koma gida Gaya. Bayan an shafa wazifa na matsa na gaida muƙaddamin da ya ba ni ɗariƙa. Ya tambaye ni karatu, ya tambaye ni lafiya, sannan ya ce: "Ɗana, lazimi nawa ake bin ka?" Na ce: "Allah gafarta Malam, ba su da yawa." Ya ce: "Ba su da yawa ɗin nan, nawa ne?" Na yi shiru. Na san akwai safiyoyin da na makara na ruga aji, akwai yammacin da na ce sai dare, daren kuma barci ya ɗauke ni. Na san ramuwa wajibi ce a kaina. Amma adadin, wallahi ban sani ba. Malam bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi: "Yau ka zauna wurin mahaifinka lokacin da zai rufe shago."

Mahaifina ɗan kasuwa ne, yana sayar da shinkafa da mai da sukari. Kowa ya san Gaya ya san kasuwancinta: ga Malanbil a tsallaken kogi cikin ƙasar Benin, ga Kamba a jihar Kebbi, wannan ya zo da sefa, wancan ya zo da naira. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023, kaya suka koma bin kwalekwale, farashi ya riƙa sauyawa, masu karɓar bashi suka ƙaru. A daren nan na ga Baba ya jawo wani tsohon littafi, yana rubutu da ajami: wane ya biya, wane ya karɓi buhu bai biya ba, wane kuma shi Baba ne zai biya shi. Har dala biyar sai da ya rubuta. Na ce: "Baba, wannan ma sai an rubuta?" Ya ce: "Zuciya tana riƙe abin da take bi, ta manta abin da ake bin ta. Littafi kuwa ba ya son kai."

Nan na gane inda Malam ya aike ni. Shekara nawa ina kallon littafin nan, ban taɓa tunanin cewa ni ma ina da shagon da nake rufewa kowane dare ba tare da lissafi ba.

Ya 'yan'uwa, muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin ranar hisabi, tsohuwar hanya ce a wurin mutanen Allah. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 243 bayan hijira, ya samu laƙabinsa ne saboda yawan tuhumar kansa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya ware babi guda a Ihya'u kan muraƙaba da muhasaba, inda ya kamanta rai da abokin tarayya a kasuwanci, wanda in ba a sa masa ido ba zai cinye riba ya taɓa uwar kuɗi. A babin tafakkuri kuma ya ba muridi shawarar ya riƙe takarda da ya jera halaye masu halakarwa da halaye masu tsirarwa, ya riƙa duba ta kullum, duk halin banzan da Allah Ya raba shi da shi ya soke shi ya fuskanci na gaba. Shehu Muhyiddini Ibnu Arabi, wanda ya rasu a 638 bayan hijira, ya ba da labarin wasu shehunnansa a Andalus da suke rubuta maganganunsu da ayyukansu na yini. In an yi isha'i sai su keɓe da littafin, abin da ya cancanci istigfari su yi istigfari, abin da ya cancanci godiya su gode. Shi kuma ya ƙara da rubuta abin da ke ɗarsuwa a zuciyarsa.

Mu dubi Alƙur'ani mai girma. Ayar da ta fi kowace tsawo, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Allah Ya san ɗan Adam mai mantuwa ne, kuma mantuwarsa tana yawan karkata wajen da zai amfana. Akwai sura guda da Allah Ya buɗe ta da rantsuwa da alƙalami. Sannan kowannenmu yana tare da mala'iku masu rubutu, waɗanda ba su hutu, ba su makara. Littafin da suke cikawa za a miƙa mana shi ranar da babu damar gyara. Wanda ya riƙe ƙaramin littafi nasa a duniya, ya samu damar ganin kuskurensa tun ƙofar tuba tana buɗe.

Da na koma Yamai na sayi kaye, irin littafin rubutun 'yan makaranta, da alƙalami guda. Na ajiye su tare da tasbahata, domin duk inda hannuna ya kai ga ɗaya ya tarar da ɗaya. Bayan isha'i nake rubutu, layi biyar kawai. Layi na farko na salloli ne da wuridi: wace salla na samu jam'i, wace na makara, na yi lazimin safe da na yamma, na samu wazifa ko ta wuce ni. Na biyu na harshe ne: me na faɗa yau da ba zan so a karanta mini ba. Na uku haƙƙin mutane: bashi, alkawari, kiran iyaye, wanda na ɓata wa rai. Na huɗu ni'ima guda da Allah Ya yi mini a yinin, kuma na sharɗanta wa kaina kada in maimaita ta jiya. Na biyar abu ɗaya da na koya, daga malamin zawiya ne ko daga malamin aji. Duka ba ya wuce minti goma. Ranar Juma'a, kafin in tafi zikiri bayan la'asar, sai in karanta na mako gaba ɗaya.

Makon farko abin ya yi daɗi. A mako na uku na tsallake kwana huɗu, har Shaiɗan ya fara raya mini cewa tunda ya yanke a bar shi. Sai na tuna abin da ya inganta daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Na buɗe sabon shafi na rubuta kwanan wata, na ci gaba. Daren da na gaji matuƙa, layi ɗaya nake yi in kwanta. Da yayyafi kogi kan cika.

Bayan kwana arba'in littafin ya nuna mini abubuwan da kaina bai taɓa nuna mini ba. Na ga duk safiyar da lazimi ya kuɓuce mini, daren da ya gabace ta na raba shi ne a kan waya. Ashe matsalata ba ta safe ba ce, tun ƙarfe goma sha ɗaya na dare take farawa. Na ga yawancin abin da na rubuta a layin harshe ya faru ne a wuri ɗaya, a fadar da muke shan shayi bayan magariba, kuma kusan kullum sunan mutum ɗaya ake ci. Na ga akwai jika biyu da na karɓa wurin wani abokina tun farkon shekara, ya yi kawaici bai tambaya ba, ni kuma zuciyata ta binne maganar. Na biya shi, na nemi afuwarsa. Lazimin da ake bi na kuwa na ƙiyasta su da abin da ya fi yawa, na riƙa ramawa ina sokewa har suka ƙare.

Layin ni'ima shi ya fi ba ni mamaki. Ɗalibi baƙin gari ba ya rasa abin ƙorafi: kuɗi sun ƙare, zafi, wuta ta ɗauke ana tsakar karatu. Amma da na tilasta wa kaina neman sabuwar ni'ima kowane dare, sai na fara lura da su tun da rana. Ɗariƙarmu ɗariƙar shukura ce, haka shehunnanmu suka karantar da mu. Godiya kuwa ba ta yiwuwa a kan abin da ba ka gani ba.

Layi na biyar kuma yana da nasa amfani, wanda ya wuce mai rubutun. Littafin Jawahirul Ma'ani da muke karantawa a zawiyoyi, Sidi Aliyu Harazimi ne ya tattara shi a Fas wajen 1799, daga abin da ya ji a bakin Shehu Tijjani da abin da Shehu ya shifta masa. Wasiƙun Shehu Ibrahim Inyass sun iso mana a Jawahirur Rasa'il ne saboda Shehu Ahmadu Abul Fathi ya tsaya ya tattara su. A nan maƙwabtanmu, Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Da waɗannan bayin Allah sun dogara da ƙwaƙwalwa kawai, da alheri mai yawa ya tafi ƙasa tare da masu shi. Mu kuwa muna cika motoci mu tafi maulidin Kiyota, mu ji karatu mai ratsa zuciya, bayan mako biyu a tambaye mu me aka ce, sai mu ce an yi taro mai albarka. A Gaya akwai dattawan da suka zauna gaban Shehu Abubakar Kiyota kafin rasuwarsa a 2004. Kowace shekara suna raguwa. Wa yake rubuta abin da suka ji? In ka rubuta, ka sa sunan wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa, kuma ka kai wa malami ya duba kafin ka yaɗa, domin maganganun da ake jingina wa shehunnai a WhatsApp ba tare da asali ba sun isa haka.

Sai dai akwai abubuwan kiyayewa. Wannan rubutu ba ya cikin wuridi, ba ya cikin sharuɗɗan ɗariƙa, kuma wanda bai yi ba babu laifi a kansa. Dabara ce kawai, kamar yadda tasbaha take taimaka wa mai ƙirga. Kada ya ci lokacin lazimi ko na karatun Alƙur'ani. Na biyu, littafin naka ne kai kaɗai, kada ka cika shi da laifin wasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na uku, abin da Allah Ya suturta maka kada ka tona shi da alƙalaminka. Wani laifin ɗigo ɗaya ko wata alama da kai kaɗai ka san ma'anarta ta isa, in ka tuba ka soke. Na huɗu, kada ka ɗauki hoton shafin da ya yi kyau ka sa a Facebook. Riya tana iya shiga ko ta ƙofar muhasaba. Mafarki ko wani hali da ya zo maka a zikiri, muƙaddaminka za ka kai wa. Na biyar, in ka ga shafuka sun yi baƙi da gazawa, kada ka yanke ƙauna. Wanda Ya nuna maka aibinka, so yake ka gyara. Kowane shafi a rufe shi da istigfari da salati.

Harshen rubutu kuma kowanne ya yi. Baba da ajami yake yi, ni da boko, wani da Larabci, wani da Dandanci ko Faransanci. 'Yan'uwa mata da hidimar gida ta yi musu yawa, layi biyu sun isa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya ja wa kansa layuka a takarda, kamar yadda masu shago suke yi wa mai karɓar bashi.

A hutun da ya wuce na sake zama gaban Malam bayan wazifa. Ya ce: "Ɗana, nawa ake bin ka?" Na ce: "Biyu, Allah gafarta Malam, na Talata da na Laraba." Ya ce: "To, tashi ka biya kafin ka kwanta."

Allah Ya sa mu yi wa kanmu hisabi tun muna da iko, Ya sauƙaƙa mana hisabin gobe, Ya ba mu littattafanmu a hannun dama. Allah Ya tabbatar da mu a kan wuridinmu har ƙarshen numfashi, Ya saka wa iyayenmu da shehunnanmu da alheri, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, albarkar Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ina roƙon malamai su gyara mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.