Bin Diddigin Mutuwar Naƙasasshe Rashin Tawakkali Ne?

'Yan uwa mata, idan naƙasasshe ya rasu kwatsam a gidan da aka kai shi don a kula da shi, sai ki ji an ce, "Kwana ne ya ƙare, dama ba lafiyayye ba ne." Shi ke nan, an rufe magana.

A 2013, a Oxford ta Ingila, wani saurayi ɗan shekara 18 mai farfaɗiya ya nutse a bahon wanka a wata cibiyar kula da masu irin lalurarsa. Da farko hukumar wurin ta ce ciwonsa ne kawai. Uwarsa ta ƙi yin shiru. A 2015 kotun binciken mutuwa ta tabbatar akwai sakaci: an bar shi cikin ruwa shi kaɗai, alhali an san ciwonsa.

To, uwar nan ta yi jayayya da ƙaddara ne? Ina! Ajali na Allah ne, amma amana tana wuyan mai kula. Bincike ba zai dawo da mamaci ba, amma zai iya tsare ran wanda ke kwance a gadon kusa da nasa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.