Na'aman, Kuturta da Hannuwan Al'ummai

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14

Na'aman jarumi ne, shugaban mayaƙan Suriya, amma kuturu ne. Labarin waraka ya zo masa daga bakin wata yarinya Ba'isra'iliya da aka kamo a yaƙi, ya ƙetare iyaka zuwa wurin annabi Elisha, ya tsarkaka a Kogin Urdun. Allah ya ga dama ya bi da jinƙansa ta hannun baƙi.

Haka maganin kuturta na yau ya samu. A 1873 likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar. Wajen ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli da ke kudu maso gabashin Nijeriya, Dokta John Lowe ya nuna cewa ana iya shan dapsone ta baki a sami sauƙi. A nan kuma Dokta Stanley Browne ya gwada clofazimine, wanda masana suka haɗa a Dublin. Marasa lafiya 'yan Nijeriya da suka yarda aka gwada magungunan a jikinsu, su ma abokan aikin ne, ko da yake ba a cika ambatonsu ba. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa waɗannan biyu da rifampicin, tun 1995 kuwa kyauta ake bayarwa.

Mutanen Minna shaidu ne. Ƙungiyar The Leprosy Mission, wadda Wellesley Bailey ya kafa a 1874, ta yi shekaru da ofishinta a Fadikpe, a Chanchaga kuma an ɗinka wa masu nakasa takalma, an ƙera musu ƙafafun roba.

Amma magani ba ya amfanar wanda kunya ta ɓoye a ɗaki. Kuturta ba la'ana ba ce, ba kuma gado ba. Cikin wata 6 zuwa 12 ana warkewa, wanda ya soma shan magani kuwa ya daina yaɗa ta. Jinkiri ne ke cinye yatsu.

Rabon Ikkilisiya shi ne na yarinyar nan: ta faɗi inda taimako yake. Mai bi da ya ga tabo mai haske a fatar ɗan'uwa, wanda ba ya ji idan an taɓa, ya raka shi asibiti, ranar Lahadi kuma ya zauna kusa da shi. Ubangiji Yesu da kansa ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Allah ya ba bayinsa irin wannan zuciya. Amin.